Gwanjon dare ɗaya ko bugun da ake sayarwa duk shekara: wanne zai riƙe gidan baje kolin da ba ya neman riba?

Gidan baje kolin fasahar zamani da ba ya neman riba yakan samu mai biya masa kuɗin baje koli, amma da wuya ya samu mai biya masa kuɗin wuta. Gidauniya za ta ba da tallafi ta ce na aikin wance ne, a kawo rasit. Hukumar gwamnati za ta ba da nata na 'yan shekaru, da sharuɗɗa shafi-shafi. Haya, inshora, albashin mai rataya hotuna, gyaran rufin da ke yoyo, waɗannan ba mai son a rubuta sunansa a jikinsu. Ko tallafin da ake ganin ya zauna daram ma yana iya motsi. A Nuwamba 2022, da Arts Council England, hukumar tallafa wa fasaha ta Ingila, ta sake rabon kuɗinta ta karkata shi zuwa wajen Landan, gidajen Landan masu suna irin Serpentine da Camden Art Centre sun wayi gari an rage musu kaso. Shi ya sa kowane shugaban irin wannan gida yake farautar kuɗin da ba a ɗaure masa ƙafa ba, wanda zai kashe a inda ya ga buƙata.

Idan kwamitin amintattu ya zauna a kan wannan magana, hanya biyu ce takan taso, kuma duk biyun sun jingina ne da dukiya ɗaya da gidan ya mallaka, wato masu fasahar da suka yarda da shi. Ta farko gwanjon tallafi: a roƙi masu fasaha kowa ya ba da aiki guda, a tara masu hannu da shuni a liyafa, a yi ta tayi har a sallama. Ta biyu ƙayyadadden bugu: mai fasaha ya ƙirƙiri sabon aiki musamman don a fitar da shi kofe-kofe, a ce 50, ya sa hannu a kowane, a ba shi lamba, gidan ya riƙa sayarwa. A lura, ba ɗaukar hoton wani zane da ke rataye a wani wuri ake yi a buga ba, wannan fosta ce, a kanti take. Bugun na iya zama na dutse, na farantin jan ƙarfe, na siliki, hoton kyamara, ko ɗan ƙaramin sassaƙe da aka zuba da tagulla ko aka gasa da yumɓu. Kowane kofe asali ne, domin babu wani "na ainihi" da aka kwaikwaya.

Ni dai na fi karkata ga bugu, kuma zan faɗi dalili. Amma akwai gidajen da zan ce kada su taɓa shi.

Gwanjo yana da abin da bugu ba zai taɓa samu ba, wato sauri. Kafin a tashi daga teburin cin abinci an san abin da aka tara. Ba a zuba jari wajen yin kayan, tunda kyauta aka kawo su, kuma idan attajirai biyu suka yi ido huɗu a kan zane ɗaya, kowa ba ya son a ce shi ya janye, farashi yakan wuce hankali. Gidan da ke cikin matsi, wanda mai gida ya ba shi wa'adi, ba shi da lokacin jiran kofe 50 su fita ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai a tambayi wa ke biyan kuɗin wannan dare. Mai fasaha ne. Ya ɗauko aikin da zai iya sayarwa ya ci abinci, ya miƙa. A Amurka lamarin ya fi ciwo, domin tun dokar gyaran haraji ta 1969, mai fasahar da ya ba da aikin hannunsa sadaka ba ya cire komai daga harajinsa sai kuɗin kayan aiki, fenti da ƙyalle da katako. Attajirin da ya sayi irin wannan zane ya ajiye, daga baya ya ba gidan tarihi, shi yana iya cire darajarsa ta kasuwa. Bayan wannan akwai maganar suna. Farashin gwanjo a bainar jama'a ake faɗinsa. Idan zanen da dillalin mai fasahar ke sayar da irinsa a kan dala 10,000 ya tafi a 3,000 saboda an yi ruwa a daren ko masu tayin sun gaji, duk wanda ke ɗakin ya ji, gobe kuma mai saye zai je wurin dillalin ya ce to ai ga yadda aka sayar jiya. Idan kuwa ba wanda ya taya sam, aka mayar masa da abinsa, kunyar ta fi asarar. Masu fasahar da ake yawan roƙo sun daɗe da gane wannan, shi ya sa sukan ajiye wasu ayyuka na tsaka-tsaki don masu zuwa bara, su ɓoye na ƙwarai. Masu saye ma sun gane. Ga kuɗin ɗakin taro da abinci da bugun katin gayyata, ga ma'aikata uku ko huɗu da za su bar aikin baje koli wata biyu suna bin waya. Abin da aka shelanta an tara da abin da ya shiga asusu sukan yi hannun riga.

Bugu yana sauƙaƙa wa mai fasaha wannan nauyi. Abin da yake bayarwa tunani ne da 'yan kwanaki a ɗakin bugu, ba ya taɓa kayan da ke ɗakin aikinsa. Gidan ne ke biyan gwanin bugu. Farashi an tsai da shi tun farko da yardarsa da ta dillalinsa, ba wanda zai karya shi a gaban mutane. Sau da yawa ma yakan samu damar gwada wata dabara da bai taɓa ba, mai zanen fenti ya shiga bugun dutse karon farko da kuɗin wani. Sannan yana tafiya da nasa kofen, waɗanda ake rubuta wa AP, rabon mai aiki, da bisa al'ada ba sa wuce kusan kashi 10 cikin 100 na adadin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ranar sa hannu ya san inda darajar abin take. An shimfiɗa takardu a dogon teburi, tsakanin kowace biyu da siririyar takarda mai hana su mannewa. Mai ɗagawa yana sanye da farar safar hannu. A gefe an jingine kofe guda da mai fasahar ya amince da shi tun farko, wanda Faransawa suka sa wa haruffan BAT, ma'ana "ya yi, a buga", kuma da shi ake auna sauran. Ya ɗauki fensir, ba biro ba, domin tawada takan dushe ko ta ci takarda. Ya rubuta 7/50 a ƙasa ta hagu, sunansa ta dama. Ya zo kan na gaba ya tsaya, ya karkata shi wajen haske, ya ga wani ɗigon shuɗi da ya zarce layi, ya ture shi gefe. Wannan ba zai samu lamba ba, yaga shi za a yi.

To yanzu lissafi, domin a nan ne masu zumuɗi suke faɗawa rami. Mu ƙaddara misali kawai. Kofe 50, kowane dala 600, a takarda dala 30,000 ke nan. A ce bugu da takarda da gwaji sun ci 6,000, kuma kafin a sayar da ko ɗaya za a biya su. Sai an sayar da 10 kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan duka suka fita, saura 24,000. Idan mai fasahar ya yafe nasa, duk na gida ne, idan kuma rabi da rabi aka yi, gida ya tashi da 12,000, ban da kuɗin kwali da aikawa da la'adar katin banki da haraji. Amma a ce shekara ta zagayo 15 kacal suka fita. An karɓi 9,000, an cire 6,000, an raba 3,000 biyu. Dala 1,500 ba za ta biya wutar da aka yi magana a kai ba. Sauran 35 suna kwance a faffaɗar durowa, a littafin akanta an rubuta su a matsayin dukiya, a zahiri kuwa kwantai ne, suna cin wuri da inshora, kuma danshi ko kwaro ba ya tambayar sunan wanda ya zana.

Wannan shi ne babban bambancin. Gwanjo biki ne, a yi a watse. Bugu kasuwanci ne, yana son mai zaman shago. Dole a samu mutum guda da aikinsa ke nan: ya ɗauki hoton kaya da kyau, ya sa a intanet, ya amsa mai tambayar ko launin da ya gani a waya shi ne na gaske, ya san wanne ake naɗewa a bututu wanne sai a kwance tsakanin kwalaye masu tauri, ya cike takardun kwastan, ya lallashi wanda nasa ya iso da lanƙwasasshiyar kusurwa. Na ga gidan da ya ɗora wannan a kan mai tsara baje koli, wai ta riƙa yi a lokacin da ta samu sarari. Sararin bai zo ba. Saƙonnin masu saye suka yi mako uku ba amsa, mai fasahar da ya ba da aikinsa kyauta ya zo ya tarar da kwalin ko buɗe shi ba a yi ba. Bai sake ba su komai ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Inda aka yi shi da gaske kuwa yana riƙe gida. Mujallar Parkett ta Zurich, wadda ta fara fita a 1984 ta rufe bugun takarda a 2017, da ayyukan da masu fasaha suke yi mata a kowace fitowa ta jingina, har gidan tarihin fasahar zamani na New York, MoMA, ya baje kolinsu a 2001. Mujallar Texte zur Kunst, da aka kafa a Jamus a 1990, har yau a kan wannan turba take. Gidan baje koli na Studio Voltaire da ke Clapham a Landan ya buɗe House of Voltaire a 2010, kanti na musamman da ribarsa ke komawa ga baje koli da shirye-shiryen gidan. Abin da ya haɗa su shi ne naci. Mai saye ya san a kowane zango akwai sabon abu, sai ya riƙa leƙowa, bayan shekara biyar ya zama ɗan gida. Wanda ya fara da bugun dala 300 shi ne wata rana yake zama babban mai tallafi. Gwanjo ba ya haifar da irin wannan mutum, domin ƙofarsa tun farko ta masu kuɗin tikitin liyafa ce.

Idan an zaɓi bugu, akwai wani zaɓin a ciki, kuma ya fi na farko wahala: kaɗan mai tsada ko mai yawa mai araha?

Ƙaramin adadi, 10 zuwa 30, na sanannen mai fasaha, yakan ƙare cikin kwanaki idan sunan ya isa. Aikawa kaɗan, riba mai kauri. Haɗarinsa biyu. Na ɗaya, masu sari: su saye da safe a farashin tallafi, bayan wata shida abin ya bayyana a gidan gwanjo a ninki uku, ribar ta tafi aljihun wanda bai san ƙofar gidan ba, ran mai fasahar ya ɓaci. Wasu gidaje sukan sa sharaɗin kada a sayar kafin wani lokaci, ko su hana mutum ɗaya ɗaukar fiye da guda. Wata dabarar ita ce farashi mai hawa, goman farko a kaza, goma na biyu a ɗan sama, na ƙarshe su fi tsada, ta yadda ƙarin darajar zai shigo gida. Haɗari na biyu, sanannun nan ba su da yawa, kuma kowane gida su yake bi.

Babban adadi yana da nasa tarihin mai kyau. A 1968 mai fasahar Jamus Joseph Beuys ya fitar da ɗan akwatin katako mai suna Intuition ba tare da ƙayyade adadi ba, a kan mak 8, kuɗin Jamus na lokacin, aka yi kusan 12,000. A 2020, lokacin da annoba ta rufe wuraren al'adu, gidauniyar Between Bridges ta mai hoto Wolfgang Tillmans ta tara fostocin masu fasaha fiye da 50, ta biya bugu, ta ba wuraren da ke cikin matsi su bayar da kowace a kan gudummawar yuro 50. Irin wannan yana faɗaɗa da'irar gida, ɗalibi ma ya samu abin ratayawa. Amma kofe 500 yana nufin kwali 500, adireshi 500, ƙorafi iya gwargwado. Idan ribar kowane ba ta wuce kuɗin sa'ar da aka ɓata wajen naɗe shi ba, an yi aikin baban giwa.

Tsakanin biyun akwai hanyar da nake ganin ƙananan gidaje sun fi buƙata, kuma Jamusawa sun daɗe a kanta. Ƙungiyoyin fasaha nasu da ake kira Kunstverein, waɗanda suka kai wajen 300, na 'yan ƙungiya ne masu biyan kuɗin shekara. Ta Hamburg tun 1817 take. A ƙarni na 19 sukan sayi zane-zane su yi ƙuri'a tsakanin 'yan ƙungiya, wanda bai ci ba a ba shi bugu guda na share hawaye. Daga nan al'adar Jahresgaben ta samo tushe: a ƙarshen shekara a baje ayyuka da bugu na musamman, 'yan ƙungiya kaɗai ke da ikon saye, idan masu so sun fi kofen yawa a yi ƙuri'a, kuɗin kuma galibi a raba tsakanin mai fasaha da ƙungiya. Dubi hikimar. Mai son saye dole ya fara yin rajista, ke nan bugun yana jawo kuɗi biyu. Kasuwar kuma lokaci ɗaya take ci a shekara, ba sai an yi zaman shago wata goma sha biyu ba. Ƙungiyar bugu ta Griffelkunst a Hamburg, wadda malamin makaranta Johannes Böse ya kafa a 1925, ta ƙara gaba: 'yan ƙungiya sukan ga samfuri su zaɓa, sannan a buga daidai adadin da aka nema. Ba ta san kwantai ba. Gidan da ba shi da jari yana iya aron wannan ko da ba shi da ƙungiya, ya buɗe oda na mako guda ko biyu, ya karɓi kuɗi, ya rufe, adadin da aka nema ya zama adadin bugun. Illarsa, mai saye bai san ko cikin 40 yake ko cikin 400 ba sai an rufe, kuma masu sayen ajiya ba sa son haka.

Maganar wurin sayarwa ma tana da magani. Rumfa a babbar kasuwar fasaha ta fi ƙarfin ƙaramin gida shi kaɗai. A Landan gidaje da suka haɗa da Whitechapel, ICA, Chisenhale, South London Gallery, Camden, Serpentine da Studio Voltaire sun haɗa kai a ƙarƙashin Allied Editions suna baje kayansu a rumfa ɗaya a kasuwar fasaha ta Frieze. Mai zuwa neman aikin wani gida sai ya tafi da na wani.

Akwai abin da ba a wasa da shi, wato lambar nan ta ƙasa. Wanda ya sayi 7/50 alkawari ya saya, cewa 50 ne a duniya. Shi ya sa a al'adar bugun faranti ake karce farantin bayan an gama, a buga shaida guda da karcen a jiki. Da zuwan injin bugu na kwamfuta babu farantin da za a karce, sai amana da takardar shaida. A 2012 wani mai tara hotuna, Jonathan Sobel, ya kai mai hoto William Eggleston kotu a New York saboda ya sake fitar da tsofaffin hotunansa a babban girma da sabuwar hanyar bugu. Kotu ta kori ƙarar a 2013, ta ce sababbin daban ne. Sanannen mai hoto yana iya cin irin wannan shari'a ya ci gaba da harkarsa. Gidan da jarinsa yardar mutane ce, ko ya ci a kotu ya faɗi a kasuwa. Don haka a rubuta komai tun farko: adadin, na mai aiki nawa, na gwanin bugu nawa, na ajiyar gida nawa, da ko za a sake fitar da hoton a wani girma. Jihar New York ma doka ta tilasta wa mai sayar da irin wannan kaya ya bayyana waɗannan bayanai a rubuce. A Tarayyar Turai kuwa dokar harajin kaya ta sa iyaka kafin a lissafta abu a matsayin aikin fasaha: sassaƙen zubi kofe 8, hoton kyamara 30. Wanda ya buga hoto 31 ya shiga wani layin haraji. Kuma kasancewar gida na sadaka ba ya nufin cinikinsa ya kuɓuta daga haraji, shi ya sa a Birtaniya da yawa suke buɗe ƙaramin kamfani na ciniki wanda ke miƙa ribarsa ga uwar gida. A zauna da akanta kafin a zauna da gwanin bugu.

Abin da ya fi damuna da bugu ba ya cikin lissafi. Gidan da ba ya neman riba an kafa shi ne don ya nuna abin da kasuwa ba ta ɗauka ba tukuna: bidiyo, aikin sauti, wasan jiki, ginin da za a rushe bayan wata biyu. Ranar da kanti ya fara ciyar da gida, wata murya takan shigo taron tsara shekara, a hankali, tana tambaya ko wannan mai fasahar zai ba mu abin da zai sayu. Idan aka bar ta, bayan 'yan shekaru bango ya cika da masu launi mai daɗin ratayawa a falo. Gwanjo ma yana da irin wannan murya, amma sau ɗaya take magana a shekara. Kariyar da na ga tana aiki ita ce a raba hannu: mai zaɓen baje koli daban, mai kula da bugu daban, kuma a nemi bugun daga waɗanda suka riga suka wuce ta gidan suka yi suna, su ɗauki nauyin na baya. Yawancinsu suna tuna wanda ya fara ba su bango.

To wa zai ɗauki wanne? Gidan da ke da attajirai a kwamitinsa, masu iya cika ɗaki da abokansu, kuma buƙatarsa ta gaggawa ce ko ta lokaci ɗaya kamar sayen gini, ya yi gwanjo. Amma ya sa farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, da yardar mai aikin, ya kuma ba shi zaɓin karɓar wani kaso, kuma kada ya mai da shi na kowace shekara. Gidan da ya shekara goma yana aiki, yana da tsofaffin masu fasaha da suka yi nisa, yana da jerin mutanen da ke buɗe saƙonsa, kuma zai iya biyan mai kula da kanti ko da na kwana uku a mako ne, bugu ya fi masa. Sabon gida mai mutum biyu, ba jari ba wurin ajiya, kada ya buga 100 don an ce masa kowane kofe zai fi araha. Ya fara da guda ɗaya a shekara, ta hanyar oda, ko ya haɗa kai da maɗaba'ar da za ta ɗauki kuɗin bugu ta karɓi kasonta.

Kowanne aka zaɓa daga cikin hanyoyin bugun, a sa layi ɗaya a yarjejeniya wanda kusan kowa ke mantawa: bayan shekara biyar, kofen da suka rage a durowa na wa ne, kuma wa ke da ikon rage musu farashi.